A Kan Tabarmar Makoki: Bege da Salama a Gidan Aboki



Ga shi Allah ya sake kawo mu watan Nuwamba, watan da Ikkilisiya Katolika ta saba keɓewa domin tunawa da 'ya'yanta da suka riga mu gidan gaskiya. A irin wannan lokaci akan yi wa'azi a kan matattu, akan kuma yi wa'azi ga waɗanda aka yi wa rashi. Amma akwai wani mutum na uku da ba a cika yin maganarsa ba, ko da yake babu gidan makokin da ba a samunsa. Shi ne abokin nan da ya tuɓe takalmi ya zauna a gefen tabarma, zuciyarsa cike, bakinsa kuwa ya rasa abin faɗi. Yawancinmu mun taɓa zama wannan mutum, wanda bai taɓa ba kuwa ranarsa tana tafe. A kansa za mu yi magana, kuma za mu fara da kuskuren da mu da kanmu muka yi.

Muna da wani aboki tun muna yara a ƙaramar seminari. Ɗaki ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci, tare aka hore mu da yankan ciyawa ba sau ɗaya ba. Da muka kai aji huɗu ya ga cewa Allah bai kira shi ga aikin firist ba, ya fita, ya zama malamin makaranta. Mu muka ɗaura masa aure a gaban bagade, mu muka yi wa 'ya'yansa uku baftisma. Matarsa mace ce mai fara'a, 'yar Zumuntar Mata, wadda ba ta taɓa barinmu mu fita gidanta ba mu ci tuwo ba, ko da mun rantse mun ƙoshi. A daminar bara waccan zazzaɓi ya kama ta ranar Talata. Ranar Juma'a da dare aka kira mu aka ce ta cika. Autansu bai kai yaye ba.

Da asuba muka kama hanya, muna tafe muna shirya kalmomi. Ai mun binne mutane da yawa, mun karanta littattafai, mun san ayoyin da ake karantawa a gidan rasuwa. Muka iske shi zaune a ƙofar gida, takalman marigayiya suna nan a bakin ɗaki inda ta tuɓe su. Ya ɗaga kai ya dube mu, ya ce, “Fada, kai da ka yi karatu, faɗa mini abin da ta yi.” Duk abin da muka shirya a hanya ya watse. Shirun ya yi mana nauyi, sai muka ce masa ya yi haƙuri, Allah ya fi mu sonta. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, “To, shi ne zai shayar da yaron?”

Magana zarar bunu ce. Abin da muka faɗa gaskiya ne, babu mai musun cewa Allah ya fi mu ƙaunar kowane rai. Amma mun faɗe shi ne domin mu huta da nauyin shirun, ba domin abokinmu yana iya ɗaukarsa a wannan safiya ba. Abinci mai kyau ma, in aka ɗura wa wanda yake amai, cuta ne.

Tun daga ranar muka koma ga Littafin Ayuba da wani ido dabam. Kun san labarin. A rana ɗaya Ayuba ya rasa dukiyarsa da 'ya'yansa goma, maza bakwai da mata uku, daga baya kuma jikinsa ya cika da miyaku. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka taso kowa daga garinsa domin su yi masa ta'aziyya. Da suka hango shi ba su gane shi ba. Suka yi kuka, suka yayyage rigunansu, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai dare da rana, ba wanda ya ce uffan. Mun saba zagin mutanen nan a wa'azi, amma a faɗi gaskiya, mu nawa ne muka taɓa barin gonarmu da kasuwarmu muka zauna a ƙasa mako guda saboda aboki? A waɗannan kwana bakwai babu laifin da za a kama su da shi. Ɓarnar ta fara ne ranar da suka buɗe baki. Elifaz ya ce ai marar laifi ba ya hallaka, saboda haka Ayuba ya binciki kansa. Bildad ya kai ga nuna cewa 'ya'yan da suka mutu zunubinsu ne ya ci su. Ku duba, wannan magana ga uba wanda kabarin 'ya'yansa bai bushe ba! Dukansu suna ganin suna kāre mutuncin Allah ne. A ƙarshen littafin kuwa, a sura ta 42, Allah ya husata da su, ya ce ba su faɗi daidai a kansa ba kamar yadda Ayuba ya yi, ya umarce su su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, Ayuba ya yi musu addu'a. Mutumin da ya yi ta kuka yana tuhumar sama shi Allah ya wanke, masu wa'azin kuwa sai da aka roƙa musu gafara.

Zuriyar Elifaz ba ta ƙare ba. Har yau, kafin a gama haƙa kabari, an fara raɗa a bayan gida: wa ya ci ta? Zuciyar ɗan Adam ba ta son mutuwa marar dalili, sai ta nemo wanda za ta ɗora wa. In ba a ɗora wa mamacin ba, a ɗora wa wata tsohuwa marar gata, ko kishiya, ko ɗan'uwan da ake rikicin gona da shi. A gidan abokinmu ma an yi wannan raɗa, aka fara nuna wata goggonsa da baki. Shi ne da kansa, cikin wannan hali, ya tsawata, ya ce ya rasa mata, ba zai ƙara da rasa goggo ba. Ranar mun ji kunya, domin mu ya kamata mu riga shi. Ubangijinmu ya riga ya yanke wannan magana sa'ad da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Kiristan da ya shiga gidan makoki da zargin maita a bakinsa, ya sani gawa ta biyu ya je nema, kuma ya kamata ya je ya furta wannan zunubi kafin ya matso kusa da bagade.

To, me Ubangiji ya yi a gidan abokinsa? A Bishara ta Yohanna sura 11 an aika masa cewa Li'azaru ba shi da lafiya, ya kuwa ƙara kwana biyu a inda yake. Kafin ya iso Betanya, ƙauyen da bai wuce kilomita 3 daga Urushalima ba, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari. Marta ta fita ta tarye shi, kuma gaisuwarta ƙorafi ce: da yana nan da ɗan'uwanta bai mutu ba. Maryamu ta zo daga baya ta maimaita wannan magana, ba ragi ba ƙari, abin da ke nuna cewa ita ce maganar da ake ta juyawa a gidan cikin kwanakin nan huɗu. Ubangiji bai tsawata wa ko ɗayarsu ba. Marta, wadda take iya magana, ya yi magana da ita, ya ja ta a hankali har ta furta bangaskiyarta. Maryamu, wadda ta faɗi a ƙafafunsa tana kuka, bai yi mata wa'azi ba. Ya tambayi inda aka sa shi, hawaye suka zubo masa a gaban jama'a. Mata biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, magana ɗaya, amma amsa biyu. Mai zuwa ta'aziyya ya kamata ya fara duba ko Marta ce a gabansa ko Maryamu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ya san abin da zai yi nan da 'yan mintoci. Ya san zai kira Li'azaru ya fito. Duk da haka ya yi kuka. Idan wanda yake riƙe da mabuɗin kabari ya zub da hawaye a bakin kabari, wane ne mu da za mu ce wa gwauruwa ta share hawaye domin kuka rashin bangaskiya ne? Muna jin wannan magana a gidajen Kirista, har da bakin shugabannin addu'a, kuma ba daga Bishara ta fito ba. Bulus Manzo, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, bai hana baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne irin baƙin cikin waɗanda ba su da bege. Shi kansa, da abokin aikinsa Abafroditus ya yi ciwo har bakin mutuwa ya warke, ya gaya wa Filibiyawa cewa Allah ya ji tausayinsa ne don kada baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Da aka jajjefi Istifanus, masu tsoron Allah da suka binne shi sun yi masa makoki mai tsanani, alhali sun san ya ga sama a buɗe.

Waliyi Agustin, ɗan Afirka, wanda aka haifa a Tagaste cikin ƙasar da yau ake kira Aljeriya a shekara ta 354, ya ɗanɗani makoki iri biyu, ya kuma ba da labarin duka biyun. Yana saurayi, kafin ya tuba, zazzaɓi ya ɗauke masa amininsa. Garin haihuwarsa ya zama masa kurkuku, duk inda ya duba yana tsammanin ganin abokin, har ya tattara ya gudu Kartaj. A lokacin ba shi da Allahn da zai kai wa kukansa. A shekara ta 387, bayan an yi masa baftisma, mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya, tana da shekara 56. Wannan karon sai ya faɗa wani kuskuren: ya danne hawayensa, har aka hana ɗansa Adiyodatus kuka, don a ganinsu kuka bai dace da mutuwar mai bangaskiya ba. Aka yi jana'iza idonsa a bushe, zuciyarsa tana ƙuna. Ya shiga wanka ko zai sami sauƙi, bai samu ba. Sai da ya kwanta ya farka shi kaɗai, ya tuna da ita, ya saki hawayen a gaban Allah, sa'an nan ya huta. Babban malamin Ikkilisiya ke nan, sai da ya koyi cewa baftisma ba ta busar da ido, inda ake kai hawayen ne take canjawa.

A nan harshenmu yana da wata baiwa da ba kowane harshe yake da ita ba. Kalmar da muke amfani da ita a coci, wato bege, a bakin mutanen gari ma'anarta ita ce kewar wanda ba ya nan. Matar da mijinta ya yi doguwar tafiya tana begensa. Yaron da aka kai makarantar kwana yana begen uwarsa. Wannan kalma ce Kiristocin da suka riga mu suka ɗauka suka sa wa ɗaya daga cikin manyan halaye uku na Kirista, tare da bangaskiya da ƙauna. Ba su yi kuskure ba. Abokinmu da yake zaune yana kallon takalman matarsa yana begenta, kuma wannan ciwon da kansa shi ne ƙofar da begen Kirista yake shiga. Wanda bai yi kewa ba, me zai sa ya ɗokanta da ranar saduwa? Saboda haka idan muka yi ƙoƙarin kashe kewar mai makoki, muna ce masa ya manta, ya sake aure da wuri, ya daina ambaton sunanta, muna toshe ƙofar da Allah yake so ya bi.

Sai dai bege ya bambanta da fata. Fata tana iya cika, tana iya faɗuwa, kamar fatan manomi ga hadarin da ya haɗu a gabas. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kwatanta bege da ƙarfen da ke riƙe jirgin ruwa. Mu da muke nesa da teku, sai mu ce turke ne. Dabbar da aka ɗaure a turke tana iya zagayawa, ta ja, ta yi kuka, ta yi turjiya har igiya ta ci wuyanta, amma ba ta ɓata ba. Ayuba ya ja igiyar nan iyakar ƙarfinsa. Marta ta ja. Abokinmu ya ja har muka ji tsoro. Turken kuwa ba ƙarfin zuciyarmu ba ne, abu ne da ya faru a tarihi: an gicciye Yesu a zamanin Bilatus, an binne shi, a rana ta uku ya tashi da jikinsa, ya bayyana ga Bitrus da sauran manzanni, har ga mutum fiye da 500 a lokaci ɗaya, kamar yadda Bulus ya lissafa wa Korantiyawa a sura ta 15. A wannan sura ya kawo misalin da kowane manomi a cikinmu ya sani. A ƙarshen bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, yara suna kallon 'yar ƙwaryar irin da ta rage, uba yakan ɗauke ta ya kai gona ya binne. Wanda bai san noma ba zai ce ya yi hauka. Haka Ikkilisiya take sa 'ya'yanta a ƙasa. Shi ya sa a jana'iza ake kunna kyandir ɗin Ista kusa da akwati, a yayyafa ruwa mai tsarki domin tunawa da baftisma, a ƙona turare domin girmama jikin da ya zama haikalin Ruhu Mai Tsarki. Ba a yi wa shara turare. Muna gaskata da tashin jiki, wato hannun nan da ya tuƙa tuwo, da muryar nan da ta yi waƙa a Zumunta, Allah bai yar da su ba.

Salama kuma fa? Mutane da yawa suna tsammani salama ita ce ranar da ciwon zai gushe ɗungum. Ku tuna da maraicen ranar tashi. Almajirai sun kulle ƙofa saboda tsoro, Ubangiji ya tsaya a tsakiyarsu ya yi musu sallama, nan take kuma ya nuna musu hannuwansa da kuiɓinsa. Da sallamar da raunukan tare suka zo. Jikin da ya ci nasara a kan mutuwa bai shafe tabon ƙusa ba, har ya bar Toma ya duba bayan kwana takwas. Salamar Kristi ke nan, salama mai tabo. Mai makoki ba zai koma yadda yake dā ba, kuma zalunci ne mu riƙa jiran ya koma. Abin da muke roƙa masa shi ne raunin ya daina ruɓa, ya zama tabon da zai iya nuna wa wani wata rana.

Ikkilisiya, uwa ce mai hikima, ba ta tsallake daga Juma'a Mai Kyau zuwa Ista. Ta bar Asabar a tsakani, ranar da bagade yake tsirara, ba a yin Hadayar Mas da rana, ba ƙararrawa, ba Halleluya. A addu'ar dare ta kowace Juma'a kuma, ta sa a bakin firistoci da masu zaman zuhudu Zabura ta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba tare da ko kalma ɗaya ta samun sauƙi ba. Shekaru muna karanta ta muna mamakin abin da ya sa aka zaɓe ta. A makon rasuwar nan muka gane: akwai dare da ba wata addu'ar da za ta zama gaskiya a bakin mutum sai ita. Wasu Asabar ɗinsu wata uku ce, wasu shekara uku. Aikin aboki shi ne ya zauna cikin Asabar ɗin, kamar yadda Maryamu Uwar Allah da almajirin nan ƙaunatacce suka zauna a gida ɗaya bayan Kalfari, kada ya yi ta buga ƙararrawar Ista a kunnen wanda gari bai waye masa ba.

Kada kuma mu manta cewa shi abokin ma yana da nasa rashin. A Hadayar Mas ta jana'izar, da muka zo wurin ambaton sunanta, muryarmu ta sarƙe, sai da muka tsaya. Mun daɗe muna jin kunyar wannan. Daga baya mijinta ya ce mana, cikin duk abin da aka yi ranar, tsayawar nan ce kaɗai ya ji. Amma akwai iyaka. Wanda ya je gidan makoki ya yi ta birgima har mai gida ya koma lallashinsa, ya ƙara masa kaya ne. Namu kukan mu kai shi wurin Allah da wurin waɗanda rashin bai taɓa su kamar mai gida ba.

Yanzu ga inda muke da rauni ƙwarai. A ranar biso ba a rasa mu. Coci yakan cika, mawaƙa su kwana, a kafa rumfuna, a yi anko, wani lokaci har a ci bashin da marayu za su yi shekaru suna biya. A nan yana da kyau mu tuna da Monika, wadda ɗanta Nabijiyus ya so a ce a ƙasarsu ta mutu, ita kuwa ta ce su binne ta ko'ina, abu ɗaya kawai take roƙo, su riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da abin da za su koya mana wajen sauƙaƙa jana'iza da gajeruwar gaisuwa: a zo, a zauna, a yi addu'a, a tashi. Amma bayan mako guda fa? An kwashe rumfuna, an mayar da kujerun haya, baƙi sun watse. Ranar ce makoki na ainihi yake farawa, ranar da mutum zai ɗebo kwano biyar ya tuna huɗu ake bukata. Idan mace ce aka bari, sau da yawa ranar ce dangin miji suke zuwa ƙirga buhuna da neman takardar fili, mu kuwa da muka yi waƙa har asuba ba ko ɗayanmu a wurin. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar da ake bukata ita ce ta wata na biyu da na shida.

Abokinmu ya daina zuwa coci wajen wata biyar. Wasu suka ce mu je mu yi masa faɗa. Muka tuna da almajirai biyu na hanyar Imuwasu, waɗanda suka juya wa Urushalima baya suka kama tafiyar kusan kilomita 11. Ubangiji bai tare su ya ce su koma ba. Ya bi su ta inda suka nufa, ya tambaye su abin da ke damunsu, ya bar su suka zazzage cikinsu, sa'an nan ya buɗe musu Littattafai, kuma ba su gane shi ba sai wajen gutsura gurasa. Muka riƙa zuwa gidan kowace Alhamis da yamma. Mukan taya shi duba takardun jarrabawar ɗalibansa. Wata rana ya yi maganarta har dare, wata rana ko sunanta ba ya so a ambata. Ba mu taɓa tambayarsa ranar da zai dawo ba. A faɗi gaskiya, matan Zumunta sun fi mu aiki nesa ba kusa ba. Suka raba kwanaki a tsakaninsu ba tare da wani ya sa su ba, wannan ta kawo abinci, wannan ta yi wa 'yan matan kitso, wata dattijuwa kuma ta ɗauki autan ta goya shi har ya yi ƙafa. Tambayar da ya yi mana ranar farko, wadda ilimin seminari ya kasa amsawa, su suka amsa ta da zane da kunu.

Akwai kuma wata ta'aziyya da mu Katolika muke da ita a hannu, wadda bai kamata mu riƙe ta sakwa-sakwa ba. Abin da ya fi cin mai makoki shi ne jin cewa babu sauran abin da zai iya yi wa wanda ya tafi, ga kalmomin da bai faɗa ba, ga gafarar da bai nema ba. Ikkilisiya tana koyar da cewa mutuwa ba ta yanke tarayyar tsarkaka. Waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran abin wankewa, ana tsarkake su kafin su ga fuskarsa, kuma addu'armu tana taimakonsu. Tun kafin zuwan Kristi, Yahuza Makabi ya tara kuɗin azurfa 2,000 ya aika Urushalima domin a miƙa hadaya saboda sojojinsa da suka mutu, kamar yadda yake a Littafin Makabiyawa na biyu sura 12, kuma marubucin ya ce tunanin tashin matattu ne ya sa shi yin haka. Waliyi Odilo, shugaban gidan zuhudu na Kuluni a Faransa, shi ya kafa ranar 2 ga Nuwamba domin addu'a ga dukan matattu masu bangaskiya kimanin shekara 1,000 da suka wuce, daga can ta bazu ko'ina. Paparoma Benedict na 16, a wasiƙarsa a kan bege ta shekara ta 2007, ya koyar da cewa rayukanmu a sarƙe suke da juna, har ƙauna da godiya suna iya isa ga wanda ya ƙetare, kuma ba a makara wajen yin haka.

Wata safiya cikin sanyin Janairu, bayan Mas, muka fito muka same shi tsaye a bayan coci, da 'yar takarda a hannu wadda ya rubuta sunanta, da kuɗi a naɗe a ciki. Muka ce ya mayar da kuɗinsa, ai tun ranar da ta rasu ba mu fasa ambatonta a bagade ba. Ya ce, “Fada, ka karɓa. Shekara goma sha ɗaya ina saya mata zane. Wannan ne kaɗai ya rage da zan iya yi mata da hannuna.” Muka karɓa. Ranar da aka yi Mas ɗin ya zauna a kujerar ƙarshe, bai yi waƙa ba, ya fita kafin a sallami jama'a. Lahadi ta gaba ya dawo.

Ranar 2 ga Nuwamban bara muka haɗu a maƙabarta tare da sauran jama'a. Ya zo da fartanya da yaran uku. Muna yayyafa ruwa a kan kabarin, sai 'yar tsakiyar ta ja mana riga ta ce, “Fada, Mama tana jin mu?” Muka durƙusa muka ce mata Mama tana hannun Allah, Allah kuwa yana jin mu, duk abin da take so ta faɗa ta faɗa, zai isar. Yarinyar ta yi tunani kaɗan, ta juya ga kabarin ta ba da labari cewa ta zo ta uku a ajinsu, kuma auta ya fara magana amma ba ya jin kashedi. Uban ya yi dariya, hawaye na bin fuskarsa. Sa'an nan ya saɓa autan a kafaɗa, ya miƙa mana fartanyar, ya ce tun muna seminari ya san mun fi shi iya cire ciyawa.